Ƙusoshi Huɗu a Jikin Darbejiya

Cikin Birnin Zariya,
Lahadi, da hantsi.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Daga tsakiyar littafin makaranta na yago ta, kuma idan na gama ban san inda zan kai ta ba. Amma tun da nake ban taɓa haɗa maka jimla uku a jere ba, yau kuwa ina da magana mai tsawo.

Ka san irin zaman da muka yi. Ni ce 'yar fari, saboda haka idan ka shigo sai in fita. Idan kana son ruwa, Inna za ka faɗa wa, ita kuma ta faɗa mini. Idan aka ba mu sakamakon jarrabawa, ƙanwata Ummi ce take kai maka, ni ina bayan ƙyaure ina jiran in ji ka yi gyaran murya, don da shi nake gane ka ji daɗi. Kowa ya ce tarbiyya ce. Ni ma haka na ɗauka.

Yau kwananka arba'in da uku. Inna tana takaba, ta rame ƙwarai. Ummi ta fitar da haƙoranta biyu na gaba, tana ta nuna wa masu zuwa gaisuwa giɓin, ita ba ta san ba a dariya ba. Akuya ta haifi biyu. Abokin aikinka Malam Yohanna ya zo daga Wusasa har sau uku, ya zauna a zaure yana share hawaye da hularsa. Ya ce a duk masu riƙe injin yankan itace a ƙasar nan bai taɓa ganin mai taka-tsantsan irinka ba, ya ce shi har yanzu bai gane yadda aka yi ba.

Ni na gane, Baba. Shi ne abin da zan faɗa maka.

Ka tuna shekarar da aka canja rufin ɗakin Inna, ina 'yar shekara takwas? A lokacin ne ka fara koya wa ƙaninka Baffa Sule aiki. Kullum bayan la'asar kuna zama a ƙofar gida, ka ɗora injin a kan buhu, kana wasa haƙoran sarƙa da magagari kana yi masa bayani. Ina so in gani, amma ba ni da hanyar zama kusa da kai. Sai na lura idan mutum ya hau darbejiyar tsakar gidanmu ya zauna inda ta rabu biyu, yana hango ƙofar gida sarai. Jikinta kuma ba wurin taka ƙafa. Na tsinci manyan ƙusoshi huɗu cikin waɗanda kafintoci suka bari. Na shiga ɗan lungun da ke tsakanin bishiyar da katangar maƙwabcinmu Malam Haladu baduku, inda babba ba zai iya shiga ba, na buga su da dutse, ɗaya bisa ɗaya. Kwana uku na yi ina bugawa, sai Inna tana daka nake yi don kada ta ji. Da na ga suna yi mini ciwo a tafin ƙafa, sai na je zauren Malam Haladu na roƙi guntayen jar fata da yake zubarwa, na naɗe kowace ƙusa tam.

A can sama na haddace karatunka. Ba a riƙe inji da hannu ɗaya. Babban yatsa ya zagaye mariƙi. Ba a tayar da shi a iska, a ƙasa ake ajiye shi a taka shi da ƙafa. Ba a tafiya da shi sai an sa birki. Ba a aiki da babbar riga. Reshe, ta ƙasa ake fara tsaga shi kaɗan kafin a yanko ta sama, don kada ya yage ya tafi da mutum. Kafin ka kayar da bishiya, ka fara share hanyar gudunka. Kada ka tsaya da fuskarka a saitin sarƙa. Wanda ka fi nanatawa shi ne na hancin inji, wato can ƙarshensa inda sarƙa take juyawa. Ka ce idan hancin ya taɓa abu mai tauri injin yakan yi harbi, kamar jaki, sai dai shi sama yake harbowa, kuma ya fi ƙiftawar ido sauri. Ka ce shi ya sa duk gidan da ka je sai ka tambaya ko akwai ƙarfe a jikin bishiya, domin mutanen birni ba abin da ba sa kafa wa itace, daga igiyar shanya har turken ragon layya. Baffa yana hamma, ni ina sama ina maimaitawa a zuciyata kamar hadda.

Da na girma na daina hawa. Bishiya ta yi ƙiba, ɓawonta ya haɗiye ƙusoshin, ko alama babu. Ban manta da su ba. Kawai dai ba na tunaninsu.

Sai daminar bana, saiwarta ta tsaga katanga. Malam Haladu ya yi ta yi maka mita, kullum kun fito masallaci sai ya ce ka yi wa duk Zariya aski ka bar ƙeyar gidanka. Kai kuma ka ce ai ƙarar injinka ce kawai take tashinsa daga barcin da yake kira ɗinki. Wasanku ne na shekaru. Amma ranar da wani ɓangaren katangar ya zube a kan tukwanen matarsa, kun ɗaga wa juna murya da gaske, unguwa duk ta ji. Ka ce to Asabar za ka sare ta kowa ya huta.

Ranar Asabar ɗin ka fara yadda ka saba. Ka sa hular kwano da safar hannu da takalminka mai ƙarfe a baki. Ka sauke rassan ɗaya bayan ɗaya da igiya, Baffa yana riƙe da ita, ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Kafin hantsi ya yi zafi sai gangar jikin kaɗai ta rage a tsaye. Ka ce ba za ka kayar da ita gaba ɗaya ba saboda katanga, gunduwa-gunduwa za ka sauke ta. Ka cire hular ka ajiye a kan turmi, ka ce ai babu sauran abin da zai faɗo daga sama.

A daidai lokacin Inna ta ba ni tiren shayi in kai bakin ƙofa. Maza biyar ne a tsakar gida, har da Malam Haladu. Na gan ka ka shafa jikin bishiyar da tafin hannu, ka ƙwanƙwasa ta, sannan ka ɗaga murya ka yi tambayarka ta kullum, ko akwai wanda ya san da ƙarfe a jikinta. Baffa ya yi dariya ya ce yau kuma a gidanka kake tambaya. Kowa ya dara.

Baba, na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma yaya zan fara? In kira ka a gaban maza? In ce ni ce na saci ƙusoshi, ni ce mace mai hawan bishiya, kuma don in leƙe ka nake hawa? Na ce a raina bishiya ce babba, ƙusa kuma 'yar mitsitsiya. Na ce bari in koma in faɗa wa Inna ta aiko Ummi. Na durƙusa na ajiye tiren a hankali don kada kofuna su yi ƙara. Ko a wannan lokacin, ƙarar kofi nake jin kunya.

Ban kai ɗakin Inna ba ka ja igiyar tayar da inji.

Ka fara yanka daidai ƙirjinka. Garin itace yana fita fari. Da ka ci rabi, sai ka karkata ka zura hancin ta wajen lungun, don ka haɗe yankan ba tare da ka taɓa katanga ba. Na ji ƙara kamar an ja wuƙa a kan dutse, na ga tartsatsi. Injin ya taso. Ban ga tasowarsa ba, na dai gan shi a wuyanka. Ya shiga tsakanin wuya da kafaɗa, ya ci riga ya ci nama, na ji lokacin da ya kai ƙashi domin muryarsa ta canja. Jini ya yi tsartuwa har kan katanga, har cikin kofunan shayi. Ka saki injin ya faɗi yana ta gurnani yana haƙar ƙasa, ba wanda ya iya zuwa kusa sai da Malam Haladu ya jefa masa buhu ya lallaɓa ya kashe. Kai kuma ka yi taku biyu baya, ka zauna, kamar wanda ya gaji. Ka sa hannu ka dafe wurin, jinin yana fita ta tsakanin yatsunka, yana tsayawa yana dawowa. Baffa ya tuɓe rigarsa ya cusa, ta jiƙe. Inna ta fito ba mayafi ta cusa zanenta, shi ma ya jiƙe. Kana kallon sama inda rassa suke dā, bakinka yana motsi da kalmar shahada. Aka ɗauke ka a tabarma zuwa mota. Ba a kai Ƙofar Doka ba aka juyo da kai.

Ni na wanke tsakar gidan. Na kwashe garin itacen da ya zama ja ya dunƙule kamar tuwo, bokiti huɗu. Ƙudaje sun yi kwana uku ba su bar gindin bishiyar ba.

Ina da tambaya, kada ka ga rashin kunyata. Me ya sa ka zura hancin? Kai ne fa ka hana. Me ya sa ka matso da wuyanka saitin sarƙa? Don aikin gida ne? Akwai ranakun da nake jin haushinka har in kasa cin abinci, sai kuma in tuna ka yi tambaya, ni ce ban amsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na mutu da shi a cikina. Amma bayan sadakar bakwai Baffa ya ɗauki gatari ya fasa wurin da sarƙar ta tsaya, yana son ya ga abin da ya kashe yayansa. Ya zaro ƙusa mai tsatsa, an naɗe ta da jar fata. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Wa yake da jar fata? Wa yake ɗinka layu? Wa ya matsa sai an sare bishiyar? Wa aka ji suna faɗa da kai? Aka ce asiri ne aka binne maka, an kira ka ka yanka da hannunka.

Bayan la'asar Baffa da wasu maza uku suka shiga zauren Malam Haladu. Ta inda katanga ta zube ina ganin komai. Suka jawo shi ta wuyan riga, dattijo mai furfura, suka buga kansa da dakali. Suka watsa fatunsa a kwata. Biyu suka danne shi, ɗaya ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan gungumen da yake yanka fata, Baffa ya ɗauko reshen darbejiyar nan tamu ya sauke masa. Sau uku. Na ji ƙasusuwan suna fashewa kamar ana taka busasshen kara. Matarsa tana ihu tana jan ƙafar Baffa, ya shure ta. Shi kuwa Malam Haladu ba abin da yake cewa sai shi bai yi ba, Allah ne shaidarsa. Baffa ya kanga masa ƙusar a ido ya ce ya rantse ba fatarsa ba ce. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce fatarsa ce. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, suka ci gaba da dukansa har liman ya iso.

Ina tsaye, Baba. Karo na biyu ke nan ina tsaye. Na ciji hijabina har ya huje. Wannan karon ba kunya ba ce, tsoro ne. Na ga abin da ake yi wa wanda ake zato, me za a yi wa wadda ta aikata? Kuma yaya Inna za ta kalle ni?

Mai unguwa ya kashe maganar a baki, amma ba ta mutu ba. Mutane suka daina zama a zaurensa. A masallaci ana barin fili tsakaninsa da na kusa da shi. Aka daina karɓar abincin gidansa. Wata guda ina wuce ƙofarsa zuwa makaranta kaina a ƙasa, ina amsa tambayoyin malamai daidai, ana cewa ga yarinya mai haƙuri.

Ranar Alhamis aka yi addu'ar arba'in. Ana tsakiyar karatu sai ga Malam Haladu, hannunsa a ɗaure da karan ɗori, ya zauna a can bakin tabarma ya ɗaga hannun hagu yana amin. Baffa ya ce izgili ya zo yi. Ya tashi ya shigo gida ya wuce ni, ya ɗauko injinka daga ɗakin ajiya, har lokacin da busasshen jini a mariƙinsa. Ya tayar da shi a iska. Ya fita da shi a hannu ɗaya, sarƙa tana gudu, babbar rigarsa tana kaɗawa kusa da ita. Duk abin da ka hana, ya yi shi a taku goma. Mutane suka watse suna tuntuɓe da butoci. Malam Haladu bai iya tashi da sauri ba, ya ja da baya da gindi har ya jingina da bango. Baffa yana cewa hannun da ya rage zai cire.

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi babu. Na tsinci kaina a tsakaninsu, iskar sarƙar tana kaɗa mini hijabi. Na yi magana, ba wanda ya ji saboda ƙarar. Dole sai da na yi ihu, a gaban liman da mai unguwa da duk mazan unguwarmu, na ce ni ce na buga ƙusar. Malam Yohanna ya lallaɓo ta baya ya danna makashin injin. Cikin shirun na sake faɗa. Baffa ya ce ƙarya nake, an sammace ni ne ni ma. Na ce ba ɗaya ba ce, huɗu ne, a zo in nuna.

Suka biyo ni tsakar gida. Na ɗauki gawayi na shata wuri uku a jikin kututturen ta wajen katanga, biyu a ƙasan inda ka yanka, ɗaya a sama. Malam Yohanna ya sa gatari. Duk inda na shata sai ga ƙusa da jar fatarta. Da ta ƙarshen ta fito, Baffa ya juyo ya kwaɗa mini mari, na bugu da turmi, leɓena ya fashe, har yau kunnena na hagu yana kuka. Ya ɗaga hannu zai ƙara, sai ya dubi hannun nasa. Ya zauna a cikin taɓo da babbar rigarsa ya rufe fuska. Tun ranar bai fito daga ɗakinsa ba.

Inna ta ji komai daga bayan labule. Ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba. Tana zuba mini abinci ta turo mini kwanon, idonta a wani wuri. Da ma dukana ta yi.

Jiya na shiga gidan Malam Haladu na durƙusa. Na shirya kalmomi tun a hanya, duk suka gudu. Shi ne ya fara magana. Ya ce tun ina ƙarama yakan hango ƙafafuna suna lilo a saman darbejiya, bai taɓa faɗa maka ba don kada a dake ni. Ya ce bai san da ƙusoshi ba, da ya sani da ya hana ka. Amma ranar da Baffa ya kanga masa ƙusar nan a ido, da ya ga irin naɗin, naɗin hannun yara, sai ya tuna wadda ta zo roƙon guntayen fata. A nan take ya gane.

Ya sani, Baba. Hannunsa yana kan gungume a farfashe ya sani. Kalma ɗaya zai faɗa su sake shi. Na tambaye shi me ya hana, ya ce ya dubi idon Sule a ranar, ya ga ba idon da za a miƙa wa marainiya ba ne. Ya ce shi tsoho ne, ƙashinsa ya riga ya ci duniya. Har ya yi ƙoƙarin ba ni dariya, ya ce da ma kai kullum kana cewa ba ɗinki yake yi ba barci yake, to yanzu ya sami hujja.

Ni na yi shiru don in tsare kaina, shi ya yi shiru don ya tsare ni, kuma a kansa duka biyun suka sauka. Na ce ya yafe mini. Ya ce tsakanina da shi babu komai, sauran kuma in nema wurin Allah. Mai ɗori ya ce yatsunsa uku ba za su ƙara lanƙwasawa ba. Akwai takalma da jakunkuna da ya yanka bai ɗinka ba, suna jibge a kusurwa. Na ce zan riƙa zuwa idan na taso daga makaranta, ya nuna mini da baki ni in ja allurar. Ya ce sai mahaifiyata ta yarda. Da safen nan na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na faɗa mata da bakina, ban aiki kowa ba. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, in tafi masa da kunu idan zan je. Maganarta ta farko ke nan gare ni cikin kwana uku.

Shi na same shi da rai na roƙe shi. Kai fa, Baba? Ka yi tambaya a tsakar gidanka, 'yarka tana da amsa ta riƙe. Ga amsar, ta zo a makare: akwai ƙarfe a jikinta, guda huɗu, ni na sa, don ina son in zauna kusa da kai ban san wata hanya ba. Ka yafe mini.

Zan tsaya a nan, kunun ya kusa hucewa kuma yana jirana. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a inda zan iya gaishe ka in ɗago kai.

Na bar ka cikin amincin Allah.

'Yarka,
Rukayya